Taƙaitaccen Tarihin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa

Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu shi ne sarki na 20 a jerin sarakunan Kano. Ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A zamaninsa ne Shehu Muhammadu bin Abdulkarim Almagili ya sauka Kano, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Rumfa ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. Shi ne ya fara kakaki da figini da dawakin zage, waɗanda jama'a ke gani a hawan Sallah.

Gidan Makama, inda ya zauna kafin ya ci sarauta, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. A ɗakunansa an baje tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da kayan yaƙi, da hotunan sarakuna, domin wanda bai karanta tarihi ba ya gan shi da idonsa. Ya kamata baƙin wannan taro su ziyarce shi tare da 'ya'yansu, kada labarin magabata ya tafi da tsofaffi.

Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.