Kofoworola Pratt: Nas Ɗin Da Ta Karanto Jinya A Landan, Aka So Hana Ta Matsayi A Ƙasarta

Idan kuna aikin jinya a babban asibitin Shinkafi, ko na Zurmi, ko na Ƙaura Namoda, ko kuwa kuna da 'ya ko ƙanwa a makarantar koyon jinya da ungozoma ta Gusau, da wuya a ce ba a taɓa turo muku irin tallan nan a WhatsApp ba: ana neman nas-nas a Birtaniya, za a ɗauki nauyin biza, wata kwaleji a Amurka tana neman malaman jinya daga ƙasashen waje. Nas ɗin da ta kwana tsaye ita kaɗai a ɗakin yara masu tamowa, ga fargabar 'yan bindiga a hanyar komawa gida, ba wanda zai ga laifinta idan ta tsaya ta karanta tallan har ƙarshe.

Wannan hanya tsohuwa ce, kuma akwai 'yar Najeriyar da ta fara bin ta tun kafin a haifi iyayen da yawa daga cikinku. Sunanta Kofoworola Abeni Pratt. Ba 'yar Arewa ba ce, Bayarabiya ce 'yar Legas. Amma duk wanda ya taɓa sa fararen kaya ya karɓi aiki a ɗakin majinyata a ƙasar nan, akwai hannunta a cikin tsarin da ya horar da shi.

An haife ta a Legas a 1915, a gidan masu ilimin boko da rufin asiri. Sunan gidansu Scott, Pratt sunan mijinta ne. Ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta mishan ɗin CMS, kuma tun tana budurwa aikin jinya take so. Mahaifinta ya ƙi. A wancan zamani manyan Legas suna ganin jinya aikin wanke bahaya da kwashe amai ne, bai dace da 'yar gidan mutunci ba. Kada ku yi mamaki, don har yau akwai gidaje a yankinmu da uba zai yarda 'yarsa ta koyar a makaranta amma ba zai yarda ta yi aikin dare a asibiti ba, alhali shi ne kuma ba ya son namiji ya duba matarsa idan naƙuda ta zo da gardama.

Sai ta bi abin da mahaifin ya zaɓa mata. Ta yi horon malanta a Ibadan, ta dawo ta koyar a tsohuwar makarantarsu daga 1936 zuwa 1940. A 1941 ta auri Olu Pratt, wanda a lokacin mai haɗa magunguna ne. Ku riƙe wannan batu na koyarwa, domin shi ne ya bambanta ta da sauran nas-nas daga baya. Ta iya tsayawa gaban aji tun kafin ta iya riƙe sirinji.

Mijinta ya tafi Landan karatun likita, ita ma ta bi shi. A 1946, tana da aure da ƙaramin ɗa, ta shiga makarantar jinya ta Nightingale da ke asibitin St Thomas. Wannan ita ce makarantar da Florence Nightingale ta kafa a 1860, kuma ita ce uwar makarantun jinya na zamani. Kafin Kofoworola babu baƙar fatar da ta taɓa zama ɗaliba a cikinta.

Landan ɗin da ta tarar ba ta hotunan da ake gani a waya ba ce. Yaƙin Duniya na Biyu bai fi shekara ɗaya da ƙarewa ba, bama-baman Jamus sun rushe wani sashe na asibitin, abinci da kati ake sayensa, sannan hunturun farkon 1947 yana cikin mafi tsanani da Ingila ta gani a ƙarnin. Ga kuma wariya. An samu majinyacin da ya ƙi yarda ta taɓa shi saboda launin fatarta. Ta daure, ta ci jarrabawarta ta ƙarshe a 1949, aka yi mata rajista a matsayin cikakkiyar nas a 1950. Ana cikin karatun nata ne, a Yulin 1948, Birtaniya ta kafa hukumar lafiyarta ta ƙasa, wato NHS, shi ya sa ake ambatonta cikin baƙaƙen fata na farko da suka yi wa hukumar aikin jinya. Ba ta tsaya nan ba. Ta ƙara da ungozomanci, da jinyar cututtukan ƙasashe masu zafi, da kwas na shugabancin ɗakin majinyata, ta kuma yi aiki a asibitin yara na Evelina.

To ina maganar biza? Ita ba ta nemi wani ya ɗauki nauyin bizarta ba, domin babu buƙata. Legas a lokacin mallakar Ingila ce kai tsaye, wanda aka haifa a can talakan Sarkin Ingila ne a doka, yana iya shiga ya zauna ya yi aiki. Sai a 1962 Birtaniya ta fara taƙaita shigar 'yan ƙasashen renonta. Shingen da ke gabanta shi ne a karɓe ta a makarantar, a kuma yarda da ita a gefen gadon mara lafiya.

Ku naku shingen ya fi nata yawan takardu, don haka bari mu ɗan tsaya a kansa. Nas ɗin da ya yi karatu a Najeriya yana son aiki a Birtaniya sai ya yi rajista da hukumar jinyarsu, NMC. Zai ci jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, ya ci ta kwamfuta da ake kira CBT, sannan ya yi ta gwajin aiki da hannu, OSCE, a can Birtaniya. Biza kuwa sai ya samu asibiti ko ma'aikatar da gwamnatinsu ta ba lasisin ɗaukar baƙi, kuma jerin sunayen masu wannan lasisi yana shafin gwamnatin a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Takardar ɗaukar nauyi ba kayan sayarwa ba ce. Duk dillalin da ya ce ku turo miliyoyi zai samo muku ita, ku riƙe kuɗinku. Ku sani kuma Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, saboda haka ƙa'idar Birtaniya ta hana kamfanonin ɗaukar ma'aikata su zo farautar nas-nas a nan, ko da yake mutum na iya neman aikin da kansa. Gajeriyar hanya ma tana da tsada: a 2023 NMC ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, ta soke sakamakon waɗanda suka zauna a can, har da waɗanda guminsu ne ya ba su, suka koma sake rubutawa.

Aikin koyarwa a kwalejojin jinya na Amurka ya fi wannan nisa. Ana buƙatar lasisin jinya na jihar da za a yi aikin, wanda sai an ci jarrabawar NCLEX, da aƙalla digiri na biyu a fannin jinya, jami'o'i da yawa ma sai da digirin digirgir. Takardar kammala makarantar jinya ta shekara uku ba ta kai mutum can, komai ƙwarewarsa a aiki. Dokokin bizar kuma suna yawan canzawa, don haka a shafin ofishin jakadanci ake tabbatar da su, ba a bakin mai talla ba.

Mu koma ga Kofoworola, domin abin da ya fi ɗaukar hankali a rayuwarta bayan dawowarta ya faru.

A 1954 ta dawo gida ta nemi matsayin sista mai shugabantar ɗakin majinyata a asibitin koyarwa na Ibadan, wanda a lokacin yake zaune a asibitin Adeoyo kafin a buɗe sabon gininsa a 1957. Aka ce mata a'a. Ba don takardunta sun gaza ba, domin irin su ne a hannun Turawan da ke riƙe da matsayin, wasu ma makarantarsu ɗaya da ita. Dalilin kawai shi ne kujerar ta Turawa ce. Ku duba yadda lamarin yake a juye da na yau: a wancan lokaci nas-nas da malaman jinya daga Ingila ake kwasowa zuwa Najeriya, a ba su gida da alawus da hutun zuwa ƙasarsu, 'yar ƙasa mai irin takardarsu kuwa ta tsaya a ƙasa da su. A Landan an bar ta ta yi aiki da iliminta, a Ibadan aka nemi hana ta.

Ba ta tattara kayanta ta koma ba, ko da yake ƙofar komawa a buɗe take. Ta tsaya a kan haƙƙinta, tsofaffin abokan aikinta na St Thomas suka mara mata baya, aka janye ƙa'idar, aka ba ta matsayin. Da wannan aka buɗe kujerar ga sauran 'yan Najeriya masu takardar da ta dace. Daga nan ta riƙa hawa mataki-mataki har ta zama mataimakiyar shugabar nas-nas, sannan a 1964 ta zama shugabar nas-nas ta asibitin baki ɗaya, 'yar Najeriya ta farko da ta riƙe wannan kujera, shekara huɗu bayan samun 'yancin kai.

A ganinmu babban aikinta shi ne wanda ya biyo baya. Ta fahimci cewa muddin malaman da ke koyar da jinya daga waje ake kawo su, ko kuma sai an tura mutum Ingila kafin ya cancanci koyarwa, to ƙasar ba za ta taɓa samun isassun nas-nas ba. Tsohuwar malamar makaranta ce, ta san aji ba ya tafiya sai da malami. Tana cikin waɗanda suka tsaya har aka buɗe sashen nazarin jinya a Jami'ar Ibadan a 1965, da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya. An kafa sashen ne musamman don nas-nas masu aiki su yi digiri su fito malaman jinya da shugabannin asibitoci, kuma shi ne irinsa na farko a ƙasar nan. Sassan jinya da kuke gani yau a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, duk a bayansa suka zo.

Wannan matsala ta malamai ba ta tsufa ba, kuma ta shafe ku kai tsaye. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ba ta barin makaranta ta ɗauki ɗalibai yadda ta ga dama. Tana duba yawan ƙwararrun malamai da ɗakunan gwaji da wurin kwana, sannan ta yanke adadin da za a ɗauka. Ke nan idan malamar jinya ɗaya ta bar Gusau, ba ita kaɗai aka rasa ba, har da 'yan matan Zurmi da Shinkafi da za su zauna a ajinta shekara da shekaru. Shirin nan na Women for Health da Birtaniya ta tallafa daga 2012 a Zamfara da Katsina da Kano da Jigawa da Yobe ya ci karo da wannan: ya tarar ba a rasa 'yan matan karkara masu son karatun ba, abin da ya yi ƙaranci shi ne share musu fage su ci jarrabawar shiga, da malaman da za su koyar da su. A farkon 2024 kuma hukumar jinya ta ƙasa ta ce nas-nas fiye da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Cikin masu tafiya akwai ƙwararrun da suka daɗe a aiki, wato ainihin waɗanda ake sa ran su koyar da na baya.

Ba muna cewa kada kowa ya tafi ba. Ita kanta Kofoworola ta tafi, ta yi shekara takwas, kuma da ba ta tafi ba da babu mai jin sunanta. Haka kuma ba daidai ba ne a ɗora wa nas laifin albashin da ba ya kai wata, ko asibitin da babu katanga. Gwamnatin da ke son malamanta su zauna ta san abin da za ta yi.

A shekarar 1965 ɗin dai aka naɗa ta babbar jami'ar jinya ta tarayya, nan ma ita ce 'yar ƙasa ta farko, kuma tana kan wannan kujera aka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ta taimaka wajen kafa ƙungiyar ƙwararrun nas-nas ta Najeriya da mujallarsu, ta kai matsayin mataimakiyar shugabar majalisar nas-nas ta duniya, ICN, ta kuma shugabanci majalisar ƙungiyoyin mata ta ƙasa. Daga 1973 zuwa 1975, zamanin gwamnan soja Mobolaji Johnson, ita ce kwamishinar lafiya ta Jihar Legas. Nas ce a kan kujerar da har gobe mutane da yawa ke ɗauka gadon likitoci ce, kuma mu likitoci ya kamata mu fi kowa lura da wannan.

A 1973 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ba ta lambar girmamawa ta Florence Nightingale, wadda ita ce mafi girma da ake ba ma'aikatan jinya. A 1979 Kwalejin Jinya ta Masarautar Birtaniya ta karrama ta da zama 'yar majalisarta ta girmamawa. Wani malamin jinya ɗan Najeriya, Justus Akinsanya, ya rubuta littafin tarihinta, aka buga shi a 1987 tana da rai. Ta rasu a Legas ranar 18 ga Yunin 1992.