John Newton: Mai Fataucin Bayi da Ya Zama Bawan Kristi

Akwai wata tambaya da takan taso sau da yawa a ajin baftisma. Idan rai na har abada kyauta ce daga wurin Allah, ba ladan aiki ba, mene ne amfanin gyaran hali? Idan kuwa za a yi wa kowa shari'a bisa ga aikinsa, ina alherin yake? Labarin John Newton, mutumin Ingila, zai taimake mu a kan wannan.

An haifi Newton a birnin Landan a shekara ta 1725. Ubansa shugaban jirgin ruwa ne. Uwarsa mai tsoron Allah ce, ta koya masa karatu da ayoyin Littafi Mai Tsarki tun yana ƙarami, amma ta rasu a 1732, yaron bai cika shekara 7 ba. Yana da shekara 11 ya fara bin ubansa teku. A can ya koyi ashar da saɓo. Daga baya ya yar da bangaskiyar uwarsa sarai, har ya riƙa yi wa masu addu'a ba'a.

A 1744 aka kama shi ƙarfi da yaji, aka sa shi aiki a jirgin yaƙi. Ya gudu, aka kamo shi, aka yi masa bulala a gaban ma'aikatan jirgin duka. A 1745 aka mai da shi wani jirgin fataken bayi mai zuwa Afirka ta Yamma. Ya sauka a gaɓar Saliyo, ya zama baran wani Bature mai cinikin bayi a wani ɗan tsibiri. Zazzaɓi ya kwantar da shi, matar ubangidansa ta wulakanta shi, ta hana shi abinci. Bayin da ke ɗaure a gidan su ne suka riƙa sam masa daga ɗan abincinsu a ɓoye. Sai a 1747 wani jirgi mai suna Greyhound ya ɗauke shi, gama ubansa ya roƙi shugaban jirgin ya nemo shi.

A watan Maris na 1748, suna kan hanyar komawa Ingila, babban hadari ya taso musu da dare a tekun Atlantika. Ruwa ya fasa jirgin. Newton zai hau sama ke nan, sai shugaban jirgi ya aike shi ya ɗauko wuƙa. Mutumin da ya hau a madadinsa, nan take raƙuman ruwa suka tafi da shi. Newton ya yi sa'o'i yana fid da ruwa, an ɗaure shi da igiya don kada shi ma ya tafi. A cikin wannan hali ya roƙi jinƙan Ubangiji, abin da ya yi shekaru bai yi ba.

Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne tsayawa a gaban Allah. Ya tuna da faɗakar da ke cikin Ibraniyawa sura 6 da 2 Bitrus sura 2 a kan wanda ya san gaskiya sa'an nan ya juya mata baya, ya ga kamar an rufe masa ƙofa. Amma da ya ɗauki Sabon Alkawari ya karanta misalin ɗa ɓatacce a Luka sura 15, sai ya fara sa zuciya. Bayan mako huɗu jirgin ya isa ƙasar Ailan, abincinsu ya kusa ƙarewa. Har iyakar ransa yakan keɓe ranar hadarin nan kowace shekara domin godiya.

To, 'yan'uwa, a nan ne ya kamata mu lura da kyau. Newton ya bar ashar, ya fara addu'a, amma bai bar fataucin bayi ba. A 1750 ya auri Mary Catlett, a shekarar kuma ya zama shugaban jirgin bayi. Sau uku ya kai jirgi gaɓar Afirka, ya loda mutane ya kai su hayin teku aka sayar. Ran Lahadi yakan tara ma'aikatansa su yi sujada a saman jirgi, alhali a ƙarƙashin ƙafafunsu maza na kwance cikin mari. Littafin da ya riƙa rubuta labarin tafiyarsa ya nuna har ya sa an matse wa waɗansu bayi yatsu da ƙarfe domin sun ƙulla tawaye. Dokar ƙasarsa ta yarda da wannan ciniki, manyan mutane suna da hannu a ciki, saboda haka lamirinsa bai kā da shi ba. Daga baya shi da kansa ya yarda cewa a shekarun nan bangaskiyarsa ba ta nuna ba tukuna.

A 1754 wata cuta ta buge shi farat ɗaya, ya bar aikin teku. Ya sami aikin kwastan a Liverpool, yana koyon Helenanci da Ibrananci a lokacin hutunsa. A 1764 aka naɗa shi mai hidima a ekklesiyar Olney, ƙaramin gari na matalauta, inda ya yi shekara 16. Shi da abokinsa William Cowper suka buga littafin waƙoƙi a 1779, a cikinsa ne waƙar nan Amazing Grace take. A 1780 ya koma wata ekklesiya a tsakiyar Landan.

Sannu a hankali Ruhu Mai Tsarki ya buɗe masa ido a kan tsohon zunubinsa. A 1785 wani saurayi ɗan majalisa, William Wilberforce, ya zo neman shawara ko ya bar siyasa tun da ya ba da gaskiya. Newton ya ce masa ya zauna a majalisa ya bauta wa Allah a can. A 1788, shekara 34 bayan ya bar teku, Newton ya buga ɗan littafi ya tona muguntar cinikin bayi, ya hurta laifinsa a fili da kunya, aka aika wa 'yan majalisa. Ya kuma ba da shaida a gaban hukuma. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar C.M.S. a 1799, wadda daga baya ta aiko Dokta Miller, mutumin da ya yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. A watan Maris na 1807 Ingila ta hana fataucin bayi a jiragenta. Newton ya rasu ran 21 ga Disamba na shekarar, yana da shekara 82, ya kusa makancewa.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Newton bai sayi rai na har abada da littafinsa na 1788 ba. Babu aikin kirki da zai iya mayar da ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya raba da iyayensu. Har ya mutu, ga jinin Yesu Kristi kaɗai ya dogara. Amma alherin da ya cece shi bai bar shi yadda ya same shi ba. Afisawa 2:8-10 ta haɗa abu biyun: ceto kyauta ne, wanda aka ceta kuwa an halicce shi domin nagargarun ayyuka. Itace ba ya rayuwa ta wurin 'ya'yansa, amma da 'ya'yan ake sanin yana da rai. A ranar shari'a ayyukanmu su ne za su shaida ko bangaskiyarmu ta gaskiya ce, kamar yadda Matta sura 25 da 2 Korinthiyawa 5:10 suka koya mana.

Akwai kuma gargaɗi. Al'adar gari ba ita ce ma'aunin Allah ba. Newton ya yi shekaru yana addu'a a kan jirgin bayi domin kowa yana yin haka. Kai fa, ɗan'uwana? Wataƙila naka shi ne mudu biyu a kasuwa, ko danne hakkin ɗan ƙodago, ko cin hanci, ko wulakanta maraya da ke zaune a gidanka. Kada ka jira shekara 34, gama ba kowa ake ba tsawon ran Newton ba. Ka roƙi Ubangiji yau ya nuna maka abin da ido ya saba da shi har ya daina gani, ka tuba, ka mayar da abin da za ka iya mayarwa. Wanda zai zauna a kursiyin shari'a shi ne wanda ya mutu dominka, yana kuwa karɓar mai tuba har yanzu.