SARDAUNA AHMADU BELLO: MALAMIN AJIN DA KUƊIN TALAKAWA SUKA KARANTAR

 

'Yan uwa, duk shekara idan 15 ga Janairu ta zagayo za ku ga hotunan Sardauna sun cika Facebook. Wannan ya ce Gamji, wancan ya ce an yi rashi, wani ya ce ba za a ƙara yin irinsa ba. Ban ƙi yabon ba. Amma akwai ɓangaren rayuwarsa da ba a cika tsayawa a kai ba, alhali ya fi shafarmu mu mutanen Samaru da Sabon Gari: kafin ya zama Firimiya, malamin aji ne mai riƙe alli, kuma kuɗin jama'a ne suka karantar da shi har ya zama malamin. A kan wannan nake so mu bi tarihinsa yau.

An haifi Ahmadu a garin Rabah ta ƙasar Sakkwato a 1910, wasu kuma suna cewa 1909. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ɗan babban gida ne, babu musu. Sai dai yana ɗan shekara shida mahaifin ya rasu, ya tashi maraya. Ya fara da makarantar allo kamar sauran yaran garin, daga baya aka kai shi makarantar lardi da ke Sakkwato.

To wa ke ɗaukar nauyin irin waɗannan makarantu a lokacin? Baitulmalin En'e ne. Shi kuma baitulmalin, daga ina yake cika? Daga harajin manomi da jangalin Bafillace. Ke nan manomin da bai taɓa shiga aji ba, da makiyayin da bai san baƙin boko ko ɗaya ba, guminsu ne ya zama abincin wannan yaro da littafinsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1926 ya wuce Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920 musamman don horar da malaman da za su koyar a makarantun Arewa. Da ƙafa ɗaliban Sakkwato ke zuwa Katsina, tafiyar kwanaki. Ya yi shekara biyar a can, ya fito a 1931. Ku dubi waɗanda suka bi ta wannan ƙofar: Kashim Ibrahim na Borno, wanda ya zama Gwamnan Arewa, Aliyu Makaman Bida, da Abubakar Tafawa Balewa, wanda shi ba ɗan sarki ba ne ma, amma ya zama Firayim Ministan Najeriya. Dukkansu malanta aka koya musu, dukkansu kuma sun tsaya gaban allo kafin su hau kujerar mulki. Wannan kwalejin ce aka mayar Kaduna a 1938, sannan aka kawo ta Zariya a 1949, ita ce muke kira Barewa a yau.

Da ya gama sai ya koma gida ya yi koyarwa a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934. Shekara uku ne kacal, amma wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san abin da ke cikinta. Ya san yaron da ya zo da yunwa ba ya fahimtar darasi. Ya san aji ba ya wuce malaminsa. A 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, Allah Ya ba Abubakar na Uku, shi kuma aka naɗa shi Sardauna aka tura shi Gusau. A 1943 aka zarge shi a kan kuɗin jangali har aka yanke masa hukunci, ya ɗaukaka ƙara, aka wanke shi. Ya je Ingila a 1948 ya karanci tsarin mulkin ƙananan hukumomi, ya shiga Majalisar Arewa a 1949, ya zama minista a 1952, sannan a 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

Abin da ya tarar abin tsoro ne. Ana shirin karɓar 'yancin kai, amma 'yan Arewa masu digiri tsiraru ne. Ofisoshin gwamnati, jirgin ƙasa, gidan waya, asibiti, galibin ƙwararrun ma'aikatan ko Turawa ne ko 'yan Kudu. Garinmu Sabon Gari ma shaida ne, domin zuwan hanyar jirgin ƙasa ne ya kafa shi, kuma baƙi masu ilimin boko da sana'a ne suka fara cika shi. Gwamnatinsa ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa a wajen aiki. Amma shi tsohon malami ya san doka ba ta haifar da likita ko injiniya, sai an karantar da su, kuma ba a karantarwa sai da malami. Shi ya sa aka yawaita kwalejojin horon malamai a larduna, aka riƙa tura ɗalibai karatu da kuɗin gwamnati, aka kuma ɗora tsofaffin malamai irin su Makaman Bida da Isa Kaita a kan ma'aikatar ilimi.

Yanzu mu zo gida. Kafin jami'a, Samaru an san ta da tashar binciken aikin gona tun shekarun 1920, sai kuma Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya da aka kafa a shekarun 1950. Bayan rahoton Kwamitin Ashby na 1960, gwamnatin Arewa ta haɗa waɗannan da Makarantar Koyon Mulki ta Kongo da gonar dabbobi ta Shika da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, aka yi jami'a ɗaya. An buɗe ta ranar 4 ga Oktoba 1962 da ɗalibai 426. Sardauna ne uban jami'ar na farko, Norman Alexander, mutumin ƙasar Niyu Zilan, shi ne shugabanta na farko, kafin Ishaya Audu ya karɓa a 1966. A wannan shekarar ta 1962 ɗin dai aka buɗe Babbar Kwalejin Horon Malamai a Zariya da taimakon UNESCO, wadda muka taso muna kira FCE. A 1965 kuma jami'ar ta kafa Cibiyar Ilimi don kula da kwalejojin malamai na Arewa. Kun ga tunanin? Da aka ɗora rufi, ba a manta da masu aza harsashi ba.

A ɓangaren addini, a 1962 ne aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna da jagorancinsa, kuma ya riƙe mataimakin shugaban Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka. Ba na cewa ma'asumi ne. Mutanen NEPU ƙarƙashin Malam Aminu Kano, wanda shi ma malamin makaranta ne, sun yi masa adawa mai zafi a kan zaluncin da ake yi wa talaka a ƙarƙashin En'e, kuma da yawa daga cikinsu sun sha ɗauri. Wannan ma tarihi ne, ba a share shi. Amma a kan cewa Arewa ba za ta miƙe ba sai da ilimi da malamai, babu saɓani tsakaninsu.

Daren 15 ga Janairu 1966, cikin watan Ramadan, sojoji masu juyin mulki suka kashe shi a gidansa na Kaduna tare da matarsa Hafsatu. Wannan gidan ne wurin da yanzu ake kira Gidan Arewa, wanda ke ƙarƙashin jami'ar Samaru. Bai bar ɗa namiji ba, kuma abin da ya shahara shi ne bai bar tarin dukiya ba. Abin da ya bari, mu ne muke ci daga gare shi. Mai shago a kasuwar Samaru, mai gidan haya a Hayin Dogo ko Palladan, mai Keke Napep da ke jigilar ɗalibai zuwa Kwangila, mai buga takardu a bakin ƙofar jami'a, wa zai ce abincinsa bai ratso ta wannan makarantar ba?

To a nan ne zancen ya dawo kanmu. Manomin Rabah da makiyayin Sakkwato sun zuba a kan yaron da ba nasu ba, muka girba bayan shekara da shekaru. Mu kuma me muke zubawa?

Kwanakin baya na shiga wata firamaren gwamnati a yankinmu, wadda tafiyar ƙafa ce tsakaninta da katangar jami'a. Wallahi aji ne iska ta yaye rabin kwanonsa, yara a zaune a ƙasa sun cika shi maƙil, malama ɗaya, muryarta ta dishe. Babu makewayi mai kyau, 'yan mata manya sai sun koma gida, wasu daga nan ba sa dawowa ranar. Waɗannan yaran, 'ya'yan masu gadin jami'ar ne da masu shara da masu tura ruwa da 'yan kasuwar da ke sallah sahu ɗaya da mu. Namu 'ya'yan mun kwashe su zuwa makarantun kuɗi, shi ya sa kunnenmu ba ya jin kukan.

Na san abin da wani zai ce: ai aikin gwamnati ne, Malam. Ƙwarai kuwa. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ɗora wa gwamnati karantar da kowane yaro kyauta har ƙaramar sakandare, kuma ba za mu daina tambayarta ba. Amma yaron da ke aji uku bana ba zai tsaya a aji uku yana jiran a gama gardama ba. Kuma ku tuna 2017, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, aka ce fiye da 21,000 ba su kai makin da aka gindaya ba. An yi ta cece-kuce a kan yadda aka yi abin. Ni tambayata ita ce, wa muke turawa karatun malanta tun farko? A zamanin Sardauna zaƙaƙuran yara ake zaɓa a kai Katsina. Yau yaro sai ya rasa likitanci ya rasa lauyanci, sannan a ce to je ka yi NCE. Mun wulaƙanta ƙofar da shugabanninmu suka fito ta cikinta, sannan muna mamakin abin da ke fitowa.

Ga abin da nake roƙo, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Kowane masallacin Juma'a a Samaru da Basawa da Bomo da Muchiya da Chikaji ya ɗauki firamaren gwamnati mafi kusa da shi. A je a zauna da hedimasta da kwamitin kula da makarantar, wato SBMC, a tambaye su abin da ya fi damunsu, kada mu yanke musu daga gida. Wataƙila benci ne, wataƙila kwano, wataƙila makewayi ko rijiyar burtsatse. Kafinta ya ba da yininsa, mai bulo ya ba da bulo, malamin jami'a ya ba da awa biyu ranar Asabar. Duk abin da aka tara a rubuta, a karanta shi a bainar jama'a bayan sallah, domin rashin bayani ne ke kashe gudummawa a garin nan. Kuma makarantar gwamnati ta kowa ce. A Sabon Gari ɗan Musulmi da ɗan Kirista benci ɗaya suke zama, rufin da ka gyara duka zai rufe su, ladanka kuma yana nan.

Na biyu, mu nemi yara masu ƙwazo da tarbiyya a unguwanninmu, maza da mata, waɗanda ke son koyarwa amma kuɗin rajista ya gagare su. Mutum biyar ko goma su haɗu su ɗauki ɗaya har ya gama, har da kuɗin motar zuwa koyarwar gwaji, domin a nan da yawa ke maƙalewa. A roƙe shi, idan ya gama ya samu aiki, ya fara da makarantar unguwarsu.

Wata mas'ala da ake yawan tambayata: ko za a iya sa zakka a wannan aikin? A mazhabar Malikiyya da muke bi, zakka tana da mutanenta takwas da aka ƙayyade, ba a gina aji da ita kamar yadda ba a gina masallaci da ita. Amma ɗalibi Musulmi matalauci ana ba shi a hannunsa saboda talaucinsa, ya biya kuɗin makarantarsa. Gini da benci kuwa, ƙofar sadaka da wakafi a buɗe take, kuma tsohuwar hanya ce. Masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas a Maroko, wanda ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin ilimi a duniya, mace ɗaya ce, Fatima al-Fihriyya, ta assasa shi da gadonta a shekarar 859. Kun san kuma sadaka mai gudana da ilimi mai amfani suna cikin abubuwan da ladansu ke bin mutum har kabari. Wanda ya karantar da malami ya haɗa biyun.

Hoton Sardauna yana jikin takardar naira 200 da ke aljihunmu. Wanda ke ƙaunarsa da gaske, ya fitar da irinta duk Juma'a ya sa a asusun makarantar unguwarsu, ya fi masa sanya hoton a Facebook. Ranar Juma'a mai zuwa in sha Allahu za mu zauna da dattawan masallacinmu a kan wannan, ina kuma roƙon 'yan uwana limamai su yi haka a nasu.

Allah Ya jiƙan Ahmadu Bello, Ya gafarta masa kurakuransa. Allah Ya saka wa talakawan da guminsu ya karantar da shi, waɗanda ba mu san sunayensu ba amma Shi Ya sani. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon aikata abin da muka ji. Wallahu a'alam.