Yusufu Kastiliyone: Mai Zanen Da Ya Yi Shekara 51 A Fadar Sarkin Sin

Duk wanda ya taɓa zuwa Dutsen Mesa ko Dutsen Habude a Birnin Kudu ya ga shanun nan da mutanen dā suka zana a jikin dutse. Masu zanen ba su bar mana sunansu ba, aikin ne kaɗai ya rage. Mutumin da za mu ba da tarihinsa a wannan fitowa shi ma mai zanen dabbobi ne, dawakai ne ma suka fi fito da shi, sai dai shi an san sunansa, an san ranar haihuwarsa da inda kabarinsa yake. Mun zaɓo shi ne domin rayuwarsa ta ta da wata tambaya da ke damun da yawa daga cikinmu a Birnin Kudu da Gwaram, inda masu bi ba su da yawa: mutumin da ya ba da kansa ga aikin Ubangiji, amma ya ƙare kwanakinsa yana yi wa shugaban da ba mai bi ba aikin hannu, ya yi asarar kiransa ne?

An haifi Jusefe Kastiliyone a birnin Milan na ƙasar Italiya ranar 19 ga Yuli, 1688. Jusefe shi ne Yusufu a bakinmu, da wannan suna kuma za mu kira shi. Ya koyi zane tun yana yaro, a zamanin da salon da ake kira Barok yake ƙarshen tashensa. Salo ne mai wasa da haske da duhu. Akan zana mutum, rabin fuskarsa cikin haske rabi cikin inuwa, akan kuma zana rufin majami'a har mai kallo ya ɗaga kai ya ga kamar sama ce ta buɗe. A shekarar 1707 ya shiga ƙungiyar Jeswit ta ikilisiyar Katolika a birnin Jenowa. Ba a naɗa shi fada ba har ya mutu. Burada ne, wato ɗan ƙungiya wanda ya yi alkawarin talauci da rashin aure da biyayya, amma hidimarsa ta sana'ar hannu ce.

A lokacin nan 'yan Jeswit da ke Beijin sun aika Turai suna neman mai zane, domin Sarki Kangshi yana son masu sana'a daga Yamma. Aka zaɓi Yusufu. Hanyar kuwa ta Fotugal take, can ya daɗe a garin Koyimbira yana ƙawata ɗakin sujada. Ya shiga jirgin ruwa a Lisbon a 1714, ya bi ta Gowa a Indiya, ya sauka Makawo a 1715, kafin ƙarshen shekarar ya isa Beijin. Aka raɗa masa sunan Sinanci, Lang Shining. Bai sake ganin Italiya ba.

Ya iso a mugun lokaci. A shekarar da ya sauka ne Paparoma Kilement na 11 ya ƙarfafa dokar da ta hana Kiristocin Sin yin al'adun girmama kakanni da malaminsu Konfushiyos. 'Yan Jeswit sun daɗe suna cewa al'ada ce ba sujada ba, waɗansu ƙungiyoyi kuwa suka ce bautar gumaka ce, Roma ta bi na biyun. Sarki Kangshi ya fusata. Ɗansa Yongjeng da ya gaje shi ya haramta addinin Kirista a 1724, aka kori masu bishara daga larduna, aka mai da majami'u da dama rumbuna da makarantu. Waɗanda aka bari su ne masu amfani ga fada a Beijin: masu lissafin taurari, masu gyaran agogo, masu zane. Albarkacinsu ne ƙofofin majami'un Beijin suka kasance a buɗe. To, a nan za mu gane nauyin da ke kan burushin Yusufu.

Sai dai zanen da ya zo da shi bai karɓu yadda yake ba. Da fari ma an sa shi aikin shafa launi a jikin kwanoni da ake gasawa a wuta. Ya saba da fentin mai, wanda in ka yi kuskure ka shafe ka sake. A fada kuwa a kan siliki da takarda ake zane, da launin ruwa, inda ɗigo ɗaya ya sauka ya zauna ke nan. Inuwar da malamansa suka koya masa ita ce ƙawar hoto, mutanen fada ganinta suke kamar datti a fuska. Dole gwanin Milan ya koma ɗan koyo. Ya riƙa haska fuska daga gaba, ya rage inuwa har ta zama ɗan alama, amma ya riƙe sanin da Turawa suke da shi na ƙirar jiki da dabarar nuna nisa da kusa. Daga wannan gami ne wani sabon salo ya fito, ba na Italiya zalla ba, ba na Sin zalla ba. Ya kuma taimaki wani babban ma'aikacin fada, Niyan Shiyawo, wajen fitar da littafi a kan dabarar nisa da kusa a 1729, wanda aka gina bisa aikin Andireya Pozo, shi ma burada ne mai zane a ƙungiyarsu.

Aikinsa da ya fi suna shi ne na dawakai ɗari, wanda ya gama a 1728. Doguwar siliki ce mai kusan mita 8, ana naɗe ta kamar tabarma, ana warwarewa kaɗan kaɗan. Ga wani doki yana birgima, ga waɗansu suna kiwo, ga masu ƙetare rafi, ga ramamme a gefe shi kaɗai. Wanda ya saba kallon hawan salla zai gane cewa mai zanen nan ya zauna da dawakai, ya san halinsu. Yanzu zanen yana gidan adana kayan fada da ke Taipei a Taiwan.

Sarki na uku da ya yi wa aiki shi ne Ciyanlong, wanda ya hau gado a 1735. Yana ƙaunar Yusufu, yakan shigo ɗakin zane ya tsaya yana kallon aikinsa. Wannan kusanci ne 'yan'uwansa suka dogara da shi sa'ad da tsanani ya taso a 1736. Ba mai iya kai kuka gaban Sarki, sai aka ba Yusufu takardar roƙo. Da Sarki ya shigo, sai ya ajiye burushi, ya durƙusa da hawaye, ya miƙa takardar. A fadar Sin irin wannan karambani yana iya cin ran mutum, bayin fada da ke wurin duk jikinsu ya ɗauki rawa. Sarki ya saurare shi, ya nuna cewa shi mutanen kabilarsa ta Manchu ya hana shiga addinin, aka kuwa ɗan sami sauƙi. A 1737 ya sake roƙo, bayan an kama wani Kiristan Sin da ke yi wa jarirai marasa galihu baftisma suna bakin mutuwa, aka zarge shi da sihiri. Masu aikin katikis sun san irin wannan hidima, sun kuma san yadda ake iya juya ta a bakin mutane.

Roƙo na uku shi ne mai ɗaci. A 1746 aka kama Bishop Pedro Sanz, mutumin Sifen, da abokan aikinsa a lardin Fujiyan. Yusufu ya sake durƙusawa. Wannan karon Sarki ya nuna masa cewa shi baƙo ne, bai san al'adun ƙasa ba. Aka fille kan bishop ɗin a birnin Fujo a 1747, sauran huɗu aka kashe su a 1748. A shekarar 1747 ɗin kuma Sarki ya ɗora wa Yusufu aikin tsara gidaje irin na Turai a lambun Yuwanmingyuwan, tare da Fada Mishel Benuwa na Faransa wanda ya haɗa na'urorin tsartuwar ruwa. Ku duba wannan hali: ana zubar da jinin ɗan'uwanka a kudu, kai kuma kana auna ginin shaƙatawar wanda ya amince da hukuncin.

Akwai masu cewa da ya ajiye burushi ya fita. Mu ba mu ga haka ba. Fitarsa ba za ta ta da bishop ba, za ta dai rage wa 'yan tsirarun masu bi na Beijin inuwar da suke fakewa. Yusufu ɗan Yakubu ya yi wa Fir'auna hidima, Daniyel ya yi wa sarakunan Babila, ba wanda ya ce sun sayar da bangaskiyarsu. Amma kada kuma mu ƙara wa miya gishiri. Ba sarki ko ɗaya cikin ukun da ya tuba, dokar 1724 ba ta tashi ba a zamaninsa, kuma yawancin abin da ya zana a fada dawakai ne da karnuka da furanni da matan Sarki da yaƙe-yaƙensa. Hotunan ibada da ya yi wa majami'un Beijin ma ba su tsira ba. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya ko magini a cikinmu, wanda kullum yake auna inda zai yi magana da inda zai yi shiru, ya fi kowa sanin wuyar wannan matsayi.

Yusufu ya rasu a Beijin ranar 17 ga Yuli, 1766, saura kwana biyu ya cika shekara 78. Sarki Ciyanlong ya ba da azurfa awo 300 na ma'aunin Sin domin jana'izarsa, ya kuma ba shi muƙamin mataimakin minista bayan mutuwa. An binne shi a maƙabartar Jalan, inda aka binne Matiyo Rici, ɗan Jeswit da ya buɗe aikin bisharar ƙungiyarsu a Beijin ya kuma rasu a 1610. Shekara bakwai bayan haka, a 1773, Paparoma ya rushe ƙungiyar Jeswit, ba a maido da ita ba sai 1814. Lambun da ya yi wa gidaje kuwa, sojojin Ingila da Faransa ne suka washe shi a 1860, na Ingila suka cinna masa wuta. Kangon ginshiƙan dutsen yana nan a arewa maso yammacin Beijin, mutane suna zuwa kallo.