Alphonse Penaud: Uban masu ƙera ƙananan jiragen sama

A ranar 22 ga watan Oktoban 1880 ne Alphonse Penaud, Bafaranshen da ake ɗauka a matsayin uban masu ƙera ƙananan jiragen sama, ya mutu a birnin Paris yana da shekaru 30 da haihuwa.

Bai ga ranar da jirgi mai fukafukai da inji ya ɗaga mutum sama ba. Amma wani ɗan jirgi da ya ƙera, wanda nauyinsa bai wuce giram 16 ba, shi ne ya nuna wa duniya yadda jirgi zai tsaya daidai a cikin iska ba tare da ya kife ba.

Tasowarsa

An haifi Penaud a Paris ranar 31 ga watan Mayun 1850. Mahaifinsa babban hafsa ne a rundunar sojan ruwan Faransa, kuma burin yaron shi ne ya gaje shi.

Sai dai wani ciwon ƙashi da ya kama shi a ƙugu ya hana, ya kuma tilasta masa tafiya da sanduna har ƙarshen rayuwarsa. Da hanyar teku ta toshe masa, sai ya mai da hankali ga nazarin yadda tsuntsaye ke tashi.

A wancan zamani babban abin da ya gagari masu bincike shi ne inji, domin injin tururi ya cika nauyi. Dabarar da Penaud ya fito da ita mai sauƙi ce: a murɗa igiyar roba, idan aka sake ta sai ta warware tana juya farfela.

A shekarar 1870 ya yi amfani da wannan dabara ya ƙera ɗan jirgi mai saukar ungulu, mai farfela biyu da ke juyawa saɓanin juna. Ba a jima ba aka fara sayar da irinsa a matsayin abin wasan yara.

Gwajin lambun Tuileries

A ranar 18 ga watan Agustan 1871, watanni kaɗan bayan Jamusawa sun ci Faransa da yaƙi, Penaud ya kai wani sabon jirgi lambun Tuileries da ke tsakiyar Paris, a gaban masana harkar tashi sama. Ya sa masa suna Planophore.

Tsawon jirgin kimanin santimita 50 ne, farfelarsa kuma a baya take. Bayan an murɗa robar sau 240, ya yi tafiyar da ba ta gaza mita 40 ba cikin daƙiƙa 11, sannan ya sauka lafiya.

Abin da ya ɗauki hankalin masana shi ne yadda jirgin ke daidaita kansa ba tare da matuƙi ba. Penaud ya lanƙwasa bakin fukafukan zuwa sama, ta yadda idan iska ta karkatar da jirgin, fiffiken da ya yi ƙasa zai fi samun ɗauki ya mayar da shi daidai.

Ya kuma sanya ƙaramar jela a baya, wadda ya ɗan dulmiyar da gabanta. Idan hancin jirgin ya sunkuya, gudunsa ya ƙaru, sai iska ta danne jelar, hancin ya sake ɗagowa.

Wani Bature ɗan Ingila, George Cayley, ya riga shi gano waɗannan ƙa'idoji, amma an manta da aikinsa. Da Penaud ya ci karo da rubuce-rubucen Cayley daga baya, ya taimaka wajen farfaɗo da sunansa.

Babban jirgin da bai tashi ba

A 1876 Penaud da abokin aikinsa Paul Gauchot sun yi rajistar zanen cikakken jirgin da zai ɗauki mutane. Zanen ya ƙunshi farfela biyu, da ƙafafun da ake naɗewa bayan tashi, da rumfar gilashi ta matuƙi, da sanda guda ta sarrafa jirgin, kuma an tsara shi ya iya sauka a kan ruwa.

Waɗannan abubuwa ne da sai bayan shekaru da dama aka gan su a jiragen gaske. Amma babu inji mara nauyi da zai ja jirgin, babu kuma mai kuɗin da ya yarda ya zuba jari.

Rashin lafiya da rashin mataimaki suka taru suka karya masa zuciya. Marubuta tarihinsa sun ruwaito cewa ya tattara zane-zanensa a cikin wani ɗan akwati mai siffar akwatin gawa, ya kai gidan Henri Giffard, injiniyan da ya sa rai zai tallafa masa, sannan ya koma gida ya kashe kansa.

Abin da ya bari

Shekaru biyu kafin haka, a 1878, wani limamin coci a Amurka mai suna Milton Wright ya kawo wa 'ya'yansa tsarabar ɗan jirgi mai saukar ungulu irin na Penaud. Wilbur yana da shekaru 11, Orville kuma 7, wanda aka haifa kwana ɗaya tak bayan gwajin lambun Tuileries.

Yaran sun yi ta wasa da shi har ya lalace, sannan suka shiga ƙera nasu. A ranar 17 ga watan Disamban 1903 jirginsu ya tashi a kusa da Kitty Hawk, inda tashin farko ya ɗauki daƙiƙa 12 da nisan mita 37, kusan daidai da na Planophore.

A watan Nuwamban 1925, shekaru 45 bayan mutuwar Penaud, jiragen sojan Birtaniya uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano.

Ƙera ƙananan jirage kuwa ya zama fanni mai zaman kansa. Tun 1928 ake gasar kofin Wakefield, wadda a yau ta jirage masu aiki da roba ce, kuma a shekarun 1930 aka fara sarrafa ƙananan jirage daga ƙasa ta hanyar rediyo.

A yanzu masu wannan sha'awa kan nemo tsofaffin zane-zane, su gyara layukan da suka dushe a kwamfuta, su yanka jikin jirgin daga farin soso mara nauyi irin wanda ake naɗe kayan lantarki da shi, su sa masa batir da ƙaramin inji. Duk da haka, jirgin da ba a daidaita jelarsa da fukafukansa ba, hancinsa ne zai fara taɓa ƙasa.

Jirgin karan da yara ke haɗawa bayan girbi a ƙauyuka irin su Magarya, a yankin Wurno da Rabah da Goronyo, bai fi na Penaud ƙarancin kayan aiki ba. Shi ma nasa, sanda ce siririya da fukafukai da igiyar roba.