Malam Wellesley Bailey, Abokin Kutare

A lokacin biki irin wannan ya kamata mu tuna da waɗanda suka riga mu cikin aikin Ubangiji. Ɗaya daga cikinsu shi ne Malam Wellesley Bailey. Shi dai ba likita ba ne, ba kuwa fasto ba, bai kuma taɓa zuwa ƙasarmu ba. Duk da haka aikin da ya fara ya iso mu har ƙofar gida.

An haife shi a ƙasar Ailan cikin shekarar 1846, lokacin babbar yunwa. Sa'ad da ya kai shekara 20 sai ya yi niyyar tafiya Ostareliya haƙar zinariya. Yarinyar da ya ke nema, sunanta Alice Grahame, mai bi ce, ta kuwa roƙe shi ya riƙa zuwa sujada. Ana shirin tashi daga Ingila sai hazo ya tsare jirginsu. Ya tuna da roƙonta, ya shiga wata majami'a, ya ji Bishara, a ranan nan ya ba da kansa ga Yesu Kristi. Zinariya dai bai samu ba, ya komo gida hannu wofi.

Cikin 1869 ya tafi Indiya domin ya shiga aikin ɗan sanda. Amma da ya zauna wurin wani mai wa'azi yana koyon harshe, sai zuciyarsa ta juya. Ya shiga wata mishan ta Amirka, aka sa shi malamin makaranta a garin Ambala. Wata rana babbansa, Malam Morrison, ya kai shi wasu 'yan bukkoki a gefen hanya inda kutare su ke zaune. Ya ga dungu, ya ga gyambo, ya ga makafi. Da fari jikinsa ya yi sanyi, amma bai gudu ba. Ya dinga komawa yana karanta masu Maganar Allah. Nan da nan kuwa ya gane wa'azi kaɗai ba ya isa ga mutumin da ba shi da ɗaki, ba tufa, ba abinci, ba mai wanke masa miki.

Ya auri Alice cikin 1871. Bayan shekara biyu rashin lafiyarta ya sa suka koma Ailan. A birnin Dablin ya ba da labarin mutanen Ambala a gidan wasu 'yan'uwa mata, dangin Pim. Ɗayarsu, Charlotte, ta yi alkawarin tara fam 30 kowace shekara. Kafin shekara ta kewayo an sami wajen fam 600. Haka aka kafa Mishan ta Kutare cikin 1874. Ya koma Indiya, ana gina gidaje da kuɗin nan. Daga 1886 ya bar sauran aiki duka ya riƙe wannan kaɗai, yana yawo ƙasa ƙasa yana roƙo saboda kutare. Sa'ad da ya ajiye aiki cikin 1917, mishan tana lura da mutum fiye da 14,000 cikin ƙasashe 12. Ya rasu a Edinbara cikin 1937, yana da shekara 90.

Abin da ya kamata mu lura shi ne, duk zamanin aikinsa ba wani magani mai warkarwa sosai. Sai man wani itace da a ke sha ko a yi allura da shi, mai zafi, amfaninsa kaɗan. Ya ƙaunaci mutanen da ba shi da ikon warkar da su.

Yanzu Allah ya buɗe mana abin da ya ke a rufe gare shi. Cikin 1873 wani likita na ƙasar Norwe, Hansen, ya ga ƙwayar cutar da madubin likita. Ashe kuturta ba la'ana ba ce, ba gado ba ce, ba kuwa sammu ba. Ƙwaya ce mai kama fata da jijiyoyi. Idan jijiya ta mutu, hannu ko ƙafa ba ya jin zafi. Mace ta ɗauki tukunya daga murhu ta ƙone ba ta sani ba, manomi ya taka ƙaya ya wuni da ita. Likita Paul Brand, wanda ya fara aiki a Indiya cikin 1946, ya nuna cewa irin rauni nan ne ke cinye yatsu, ba cutar da kanta ba. Haka kuma ido. Idan cutar ta taɓa jijiyar fuska, fatar ido ba ta rufuwa, idon kuma ba ya jin ƙura ta shiga. Sai ya bushe, ya yi miki, daga nan makanta. Mutumin da yatsunsa ba sa ji, idan ya makance kuma, ya rasa hanya biyu ke nan.

Wajen 1950 aka fara ba da ƙwayar dafson. Cikin 1956 mishan ta S.I.M. ta buɗe wurin jiyyar kutare a Danja, kusa da Maraɗi. Cikin 1981 aka shawarta a haɗa magunguna, waɗanda ke kashe ƙwayar cikin wata 6 ko 12, tun 1995 kuwa kyauta a ke ba da su. Wanda ya fara sha ba ya sa wa kowa. Amma jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba ta tashi.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kun ga tabo mai haske a jiki wanda ba ya jin taɓawa, ko ido wanda ba ya rufuwa da barci, kada ku ɓoye shi don kunya. Ku tafi asibiti tun da wuri, ku kai maƙwabcinku kuma. Wanda ya warke, kada mu ware masa ƙwarya, kada mu hana shi wurin zama cikin majami'a. Mun karanta cikin Markus sura 1 yadda Ubangijinmu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu. Malam Bailey ya bi sawunsa ba tare da magani a hannu ba. Mu da mu ke da magani, wace hujja za mu kawo? Allah shi ba mu zuciya irin tasa. Amin.