Angelo Mosso: Ɗan kafintan da ya auna aikin ƙwaƙwalwa da gajiyar talaka

An haifi Angelo Mosso a birnin Turin na Italiya a shekarar 1846, a gidan wani kafinta mai ƙaramin ƙarfi. Ya kammala karatun likitanci a 1870, ya yi aikin likitan soja a kudancin ƙasar, sannan ya ƙaro ilimi a Jamus da Faransa. A 1879 ya zama farfesa a Jami'ar Turin.

Tambayar da ta tsaya masa a rai ita ce: me ke faruwa a cikin kai yayin da mutum yake tunani? A zamanin babu na'urar da ke leƙa ƙwaƙwalwar mai rai, don haka ya koma ga majinyatan da ƙoƙon kansu ya fashe ya bar kafa. Mafi shahara a cikinsu wani manomi ne mai suna Bertino. Mosso ya ɗora masa ma'auni a kan kafar, ya ce ya ninka 8 sau 12. Nan take bugun jinin ƙwaƙwalwar ya ƙaru. Daga nan ya kafa hujjar cewa idan ƙwaƙwalwa ta shiga aiki, jini yana ƙara kwarara zuwa gare ta. Daga baya ya auna zafinta, domin neman alamar makamashin da take ƙonawa.

Bincikensa bai tsaya a ɗakin gwaji ba. Ya ƙera na'urar agogiraf mai auna yadda ƙarfin tsoka ke raguwa, kuma a littafinsa na 1891 kan gajiya ya bayyana halin yaran da ke dakon duwatsun farar wuta a mahaƙan tsibirin Sisili. Ya nuna cewa aikin da ya fi ƙarfinsu yana tauye girmansu, har da yawansu ba sa cin gwajin shiga soja. Ya kuma nuna cewa jikin da ya riga ya gaji ya fi cutuwa da ƙarin aiki, hujjar da ta ƙarfafa masu neman a rage sa'o'in aiki. A 1904 aka naɗa shi sanata. Ya rasu a 1910.

Shekara 36 bayan rasuwarsa, Felix Bloch da Edward Purcell suka gano yadda ƙwayoyin zarra ke amsa igiyar rediyo a cikin maganaɗisu mai ƙarfi. Daga wannan aka samu hanyar MRS, wadda ke tantance sinadaran ƙwaƙwalwa ba tare da tiyata ba. A 1991 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka suka yi amfani da ita, suka ga sinadarin laktet yana ƙaruwa a sashen gani idan aka haska wa mutum haske a ido. Kenan gaɓar da nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma take cin kusan kashi 20 na makamashinsa, tana sauya yadda take sarrafa sukari da zarar aiki ya taso.

Tambayarsa ta farko ta samu na'urorin amsa ta. Ta biyun, wato iyakar abin da ya halatta a ɗora wa jikin yaro da na lebura, har yanzu tana gaban masu yin doka.